Yadda na bi matakan binciken digiri na biyu a kan ci gaba mai ɗorewa

Tun da na gama digirina na biyu a sashen labarin ƙasa, ƙannena da ke bayana a makaranta suke zuwa da tambaya iri ɗaya: ta ina ake kama batun ci gaba mai ɗorewa (wato ci gaban da ba ya tauye buƙatun na gobe), wane littafi za a fara buɗewa, kuma me malaman nan suke nema a babi na biyu, wato babin bitar ayyukan magabata, da har kullum suke mayar da shi? Na ga gara in rubuta abin da na tarar tun daga farko har zuwa ɗaurin kundi, kowa ya ɗebi abin da zai yi masa amfani. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin tsarin kusan ɗaya ne a yawancin jami'o'inmu na arewa, bambancin bai wuce na sunan fom da launin bangon kundi ba.

Bayan an gama kwasa-kwasai an fitar da sakamako, matakin farko shi ne amincewa da take. Kodinetan manyan digirori na sashe zai ba ka fom ka rubuta take uku, ka maƙala rasidin kuɗin makaranta na zangon da ake ciki da kwafin takardar rajista. Ka riƙe wannan rasidi da kyau, ka yi masa kwafi da yawa, don kusan kowane ofis za ka shiga nan gaba sai an tambaye ka shi. Kwamitin sashe ba kowane mako yake zama ba, saboda haka jira ne na makonni, kana leƙa allon sanarwa kana tambayar sakataren sashe. Da jerin ya fito, na lura duk taken da ya ƙare da kalmar "a Najeriya" an mayar wa mai shi, an ce ya yi faɗi. Nawa ya wuce ne saboda na ɗaure shi da wuri guda, wato fadamun Haɗeja zuwa Nguru, na kuma ce zan gwada mazhabobin ci gaba mai ɗorewa a kan rabon ruwan kogin Haɗeja. A wannan zama ne aka ba ni malamin da zai duba aikina. Ranar da na fara zuwa ofishinsa na ce, "Malam, ga ni, da wane babi zan fara?" Ya ce kada in rubuta ko layi ɗaya tukuna, in je in zauna a seminar waɗanda suka riga ni, in ji irin tambayoyin da ake yi musu, sannan in dawo mu yi magana.

Shawarar nan ta rage mini wahalar watanni. A wata semina da na halarta, wani ɗan'uwa da ke aji na gaba da namu ya gabatar da babinsa na biyu a kan irin batuna. Ya jero tarurruka tiryan-tiryan: na Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a Stockholm a 1972, rahoton hukumar Brundtland a 1987, taron Rio de Janeiro a 1992, muradun ƙarni a 2000, taron Johannesburg a 2002, komawa Rio a 2012, sai muradun ci gaba masu ɗorewa a 2015. Babu shekarar da ya kuskure. Da ya gama, wani farfesa da ke zaune a gefe ya ce, "To madalla, mun ji an yi taro. A Stockholm ɗin, wa ya saɓa da wa, kuma a kan me?" Ɗakin ya yi tsit. Aka ce ya je ya sake babin gaba ɗaya. Wannan jerin shi ne ɗalibai suke gadar wa juna daga tsofaffin kundaye, kuma malamai sun gaji da ganinsa. Abin da suke nema shi ne gardamar da ke ƙarƙashin kowane taro, domin tarihin wannan tunani tun daga tushe jayayya ce da ba a gama ba, tsakanin masu cewa a bunƙasa arziki da masu cewa ƙasa tana da iyaka, da kuma tsakanin ƙasashe masu hali da matalauta.

Daga nan na nufi laburare. A sashen na'urori akwai ma'aikacin da ke riƙe da lambobin shiga rumbunan mujallu na intanet irin su JSTOR da AGORA da OARE, ka nuna katin shaidarka ya buɗe maka, ba a biyan komai. Ɗalibai da yawa ba su san da wannan ba, suna ta sayen data suna cin karo da shafukan da ke neman dala. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa kyauta suke. Na sa manhajar Zotero tun daga ranar farko don ta riƙe mini sunayen marubuta da shekaru, na kuma karanta takardun bi da bi yadda suka fito. A nan na ga amsar tambayar farfesan. Ƙasashe masu tasowa sun je Stockholm da zargin cewa Turawa sun gama gina masana'antunsu ne, yanzu suna so su hana na baya da sunan muhalli. Firayim Ministar Indiya, Indira Gandhi, ta tsaya a taron ta ɗaura matsalar muhalli da talauci. A shekarar dai wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka fitar wa ƙungiyar Club of Rome da rahoton da ya yi gargaɗin cewa idan yawan jama'a da masana'antu da gurɓata suka ci gaba da hauhawa haka, duniya za ta ci karo da iyakarta. A daidai lokacin kuma fari yana cin yankin Sahel, abin da iyayenmu har yau suke ba da labarinsa. A 1980 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kalmar ci gaba mai ɗorewa a cikin tsarinta na kiyaye halittu, amma hankalinta ya fi karkata ga daji da dabbobi. Hukumar da aka kafa a 1983 ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ita ce ta yi ƙoƙarin sulhunta ɓangarorin, ta ce ci gaban da ake so shi ne wanda zai biya buƙatun mutanen yau ba tare da ya tauye na gobe wajen biyan nasu ba. Mataimakin shugabar hukumar Mansour Khalid ne na Sudan, kuma Bukar Shaib na Najeriya yana cikin mambobinta, abin da ban taɓa gani a kundin wani ɗalibi ba. Ma'anar da suka bayar ta karɓu ne saboda faɗinta: ministan kuɗi zai sa mata hannu, mai kare daji ma zai sa, kowa da abin da yake nufi a ransa.

Malamina ya dage sai na sa abin da ke faruwa a gida a daidai waɗannan shekaru, ya ce babin da bai san Afirka ba bai cika ba. A 1980 shugabannin Afirka sun amince da Tsarin Legas na dogaro da kai, shekara guda bayan haka Bankin Duniya ya fitar da rahoton Berg da ke cewa a saki kasuwa a rage hannun gwamnati, kuma wannan ne ya yi rinjaye, har Najeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 zamanin Babangida. Wato a lokacin da ake rubuta rahoton Brundtland, gwamnatocinmu suna rage kashe kuɗi a kan asibiti da makaranta da aikin gona. Dokar muhalli ta ƙasa ma ba taro ne ya haife ta ba, sharar guba ce da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, sai aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar, dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli kuma a 2007.

Ina cikin wannan karatu malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a Fabrairun 2022, ba a dawo ba sai Oktoba. Ofisoshi a rufe, ba semina, ba sa hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin haya yana tafiya, shekara tana tafiya. Amma a watannin nan ne na zauna na rarrabe mazhabobin, kuma nan ne zuciyar aikin take. Akwai masu sassauci, waɗanda suka bi tafarkin masana tattalin arziki Robert Solow da John Hartwick. Su a wurinsu ba laifi a cinye dukiyar ƙasa, mai ne ko daji ko ruwa, muddin ribar an zuba ta a wani jari, kamar hanya, masana'anta ko ilimi, ta yadda jimillar abin da za a bar wa na baya ba ta ragu ba. Asusun man Norwe shi ne misalin da suke so, kuma duk ɗan Najeriya zai tambayi kansa ina ribar namu man ta shiga. Akwai masu tsauri, irin su Herman Daly, da ke cewa wasu abubuwan ba su da madadi, ba za ka biya mutum ruwan ƙarƙashin ƙasa da kwalta ba, don haka kada a ɗebi abin da ke sabunta kansa fiye da saurin sabuntawarsa. Akwai masu auna ci gaba da rayuwar ɗan'adam, Mahbub ul Haq da Amartya Sen, waɗanda tunaninsu ya haifi ma'aunin ci gaban ɗan'adam a 1990, mai haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Sannan akwai gardamar Garrett Hardin, wanda a 1968 ya ce duk dukiyar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, da Elinor Ostrom, wadda ta tattara hujjoji daga wurare da dama cewa al'ummomi suna iya kafa dokokinsu su riƙe makiyaya da ruwa da kamun kifi tsawon zamani, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2009. A can gefe kuma akwai masu kiran a rage girman tattalin arziki, irin su Serge Latouche na Faransa. Na karanta su da mutunci, hujjarsu tana da ƙarfi a kan ƙasashen da suka ƙoshi, amma ban ga yadda zan kai wannan magana ƙauyen da ba shi da wutar lantarki ba, kuma na faɗi haka a kundin.

Da aka dawo na kare furofozal, wato tsarin binciken da zan yi, a gaban kwamiti. Ana buga kwafi ga kowane ɗan kwamiti, a kai wa kodineta mako guda ko biyu kafin ranar, kuma bugun nan shi ne kuɗi na farko mai nauyi, tunda duk gyara sai an sake bugawa. Ɗaliban da za su gabatar a rana ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi ruwa da ɗan abin taɓawa, al'ada ce, ba doka ba. An ba ni minti goma sha biyar. Tambayar da ta fi tsayawa a raina ita ce ta wata malama da ta ce, "Ka kawo mana mazhabobi biyar, kai kana ina?" Na ce ina tare da masu tsauri a kan ruwa, ina kuma aron idon Ostrom wajen duba dokokin gargajiya. Ta ce to in rubuta shi ƙarara a babi na ɗaya, kada in ɓuya a bayan "masana sun ce". Sakataren kwamiti yana rubuta gyare-gyare, amma ka roƙi aboki shi ma ya rubuta maka, don takardar sakatare takan makara.

Kafin fita fili sai takardar gabatarwa daga shugaban sashe, mai hatimi. Da ita na je sakatariyar ƙaramar hukuma, daga nan fadar hakimi, hakimi ya haɗa ni da ɗan rakiya zuwa wurin bulama. Kada ka tsallake wannan tsani ko da kai ɗan yankin ne, domin ba wanda zai buɗe maka baki a kan gona ko ruwa idan bai ga ka fito daga ƙofar mai gari ba. Ka tafi da goro ko abin da ya sawwaƙa, ka kuma ware kuɗin ɗan rakiya da na mai kwalekwale da na babur. Fitata ta faɗo a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuya, ƙauyukan kuma ba sabis balle tiransifa, har sai da wani mai shago a gari ya riƙa karɓar tiransifa yana ba ni tsaba kaɗan-kaɗan. Ragowar zirga-zirgar ta zo bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kasafin da na yi na mota ya rushe. Duk abin da ka tsara na sufuri, ka ƙara masa wani abu a ajiye.

A fadamar ne takardun suka zama mutane. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, an tare ruwan da a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru duk damina kafin ya bi ta Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, Kano ma tana sha daga kogunan nan. Idan ka bi lissafin masu sassauci, an musanya ambaliyar fadama da shinkafa da alkama da tumatir, kuma manoman Kura da na zanta da su ba su yi ƙarya ba da suka ce ruwan nan ne ya gina gidajensu. A ƙasa kuwa labarin daban ne. Da, ruwa yana zuwa da ƙarfi ya janye da rani, masunta su kama kifi, manoma su shuka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, Fulani su shigo da shanu bayan girbi, kowa da lokacinsa. Yanzu da ake sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya cinye gonakinsu, wasu kuma ba ya isa gare su, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta suna faɗa wa hatsi. Ambaliyar 2022 ma ba ta daɗe da wucewa ba, mutane suna cikin raɗaɗinta. Wani dattijo sarkin ruwa ya zaunar da ni a gindin bishiya, na ce, "Baba, a da wa ke cewa yau a shiga ruwa, yau kada a shiga?" Ya ce, "Ɗana, mu ne. Akwai tafkin da ba a taɓa shi sai ranar da aka sa, kuma akwai komar da ba ta shiga ruwanmu." Dokokin da Ostrom ta bayyana ke nan, suna nan da ransu, sai dai ikonsu bai kai bakin dam ba, kuma a can ake yanke yawan ruwan da zai iso. Tun farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna amfanin fadamar nan, noma da kifi da itace, suka gano cewa abin da ruwa ke samarwa a fadama ya fi abin da irinsa ke samarwa a noman rani na sama nesa ba kusa ba. Wato ko a kan ma'aunin masu sassauci musanyar ba ta biya ba, kuma wanda ya ci ribar ba shi ne ya ɗauki asarar ba. Wannan shi ne abin da kundina ya tsaya a kai.

Da na dawo sai na sake duba ƙarshen babi na biyu da wannan ido. Muradun ƙarni guda 8 sun fi mayar da hankali ga talauci da lafiya da ilimi a ƙasashe matalauta, kuma a Najeriya an ɗaura su da rangwamen bashin dala biliyan 18 da ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yi a 2005, ta hannun ofishin muradun da Amina Mohammed ta jagoranta kafin ta je ta taimaka wajen tsara waɗanda suka gaje su. Na 2015 guda 17 ne da ƙudurori 169, kuma sun hau kan kowace ƙasa. Amma tsohuwar gardamar tana cikinsu: muradi na 8 yana neman bunƙasar aƙalla kashi 7 cikin ɗari a shekara ga ƙasashe mafiya talauci, na 2 yana neman abinci, na 6 da na 15 suna neman a kiyaye ruwa da dausayi. A kogin Haɗeja duka huɗun suna jan ruwa ɗaya, takardar kuma ba ta faɗi wanda zai haƙura ba. Na ƙara da misalin Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan gawo da sauran itatuwa su tofo a gona, abin da ake kira sassaben zamani, har miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar ba tare da wani babban aikin gwamnati ba, na gwada shi da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa a faɗin Sahel, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya faro daga sama.

Sauran matakan na takarda ne, sai dai suna cin lokaci. Kafin difens na cikin gida, wato kare kundin a gaban malaman sashe, sai an sa shi a Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, kowace jami'a da iyakar kamanceceniyar da ta yarda da ita, ka tambayi taka tun da wuri. Masu wannan batu suna shan wahala a nan, domin ma'anar Brundtland da sunayen muradu an kwafe su sau dubbai, don haka ka kawo ma'anar sau ɗaya cikin alamar zance, sauran ka faɗa da bakinka. Bayan difens na cikin gida da gyara, mai duba gyaran ya sa hannu, sashe ya aika sunan mai jarrabawa na waje zuwa makarantar manyan digirori, a jira amincewa, a aika masa kundin, a jira ya sa rana. Wannan jira ya fi kowanne tsawo, kuma ba ka da abin yi a kai sai bibiya cikin ladabi. Ka tabbata rajistarka ba ta ƙare ba, don idan sabon zango ya shigo kana jira, sai ka sake biya kafin a sa ka a jeri. Ranar difens mai jarrabawar bai ɓata lokaci a kan shekarun taruka ba ko kaɗan. Ya ce, "Da kai ne ke riƙe da ƙofar dam ɗin Tiga, me za ka yi, kuma me za ka gaya wa manomin Kura?" Na ce zan saki ruwa mai yawa a damina don ya kwaikwayi ambaliyar da, in rage na rani a hanyoyin da kacala ta kama, in sa wakilan masunta da makiyaya na ƙasa a teburin rabo, manomin Kura kuma a gyara masa magudanan da ke zubar da ruwa a banza kafin a taɓa kasonsa. Ya ja ni a kan kuɗin yin hakan, na amsa iya abin da bayanaina suka kai, aka ce in fita, aka kira ni aka ce na ci da ƙananan gyare-gyare.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce ya ɗauka shi ne ya zaɓi wuri tun kafin ya zaɓi mazhaba, kogi ne ko daji ko unguwa, wurin da zai iya zuwa da kuɗin aljihunsa. Ya karanta takardun asali da kansa, ba abin da wani kundi ya ce sun ce ba, kuma a kowane taro ya nemi wanda bai yarda ba. Ya ji ta bakin wanda ya amfana kamar yadda zai ji ta wanda ya cutu, don kwamiti yana gane aikin da ya saurari ɓangare guda. Kada kuma ya kai kundi wurin mai ɗauri sai makarantar manyan digirori ta duba tsarin shafuka da launin bango ta amince, sannan ya bi sa hannun mai duba aiki da shugaban sashe da shugaban makarantar, ya kai kwafin laburare tare da na kwamfuta, ya karɓi takardar sallama daga laburare da ofishin kuɗi. Sakamako ba ya fita sai majalisar jami'a ta zauna ta amince, saboda haka ya tambayi ranar zamanta na gaba ya yi ƙoƙari takardunsa su isa kafin a rufe jerin.